Tsirkiya Huɗu a Alaba

Daga Agege na taso da asuba,
jitar bes a bayana kamar goyon ƙane.
Kwandastan danfo ya ce sai na biya mata kujera.
Na biya. Shekara tara tana ci da ni,
ba ta taɓa samun mazaunin kanta ba
sai yau da zan rabu da ita.

Alaba ta riga ni farkawa.
Janareto ɗari na gardama a layi guda,
kowace lasifika na rantsuwa ita ce babba.
Shagon Okwudili yana lungu na uku,
bayan mai naɗin fanka.
Shekara goma ya yi a Sabon Gari,
Hausarsa ta fi ta ɗan yayana da aka haifa a nan.

Ya juya ta, ya hangi wuyan da ido ɗaya,
ya shafa inda gumina ya cinye fenti.
"Sallau, wannan ta sha hannu."
Na ce ta sha, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.
Ya taya dubu tamanin. Na ce albarka.
Ya kwashe da dariya,
yau wani ke ce masa albarka a cikin shagonsa.

Sai ya sauko da biyu daga ƙusa.
Ɗaya ja, sabuwa dal, mai tsirkiya biyar,
tana sheƙi kamar motar da ba ta san Oshodi ba.
Ɗaya tokumbo, baƙa, nauyin turmi,
da sunan wani a ƙarce a bayanta.
Ya jona jar a amfilifaya mai tsayin yaro,
na taɓa tsirkiyar can mai kauri,
kofin shayinsa ya kama tafiya a kan tebur,
haƙarƙarina ya amsa kafin kunnena.
Zuciya ta ce, kuɗin haya fa suna aljihu.
Tokumbo kuwa muryar dattijo gare ta,
ba ta ɗaga harshe,
sai dai tana tari a gaɓa ta bakwai.

Muna cikin haka janaretonsa ya shaƙe.
Yaron shago ya suri jarka ya fita.

Okwudili ya ce, "Yanzu za ka ji gaskiya.
Ɗora haɓarka a kan katakon, ka kaɗa."

Na fara da ja. Kamar an ƙwanƙwasa gwangwani.
Ashe ƙarfin nata duk na aro ne.
Tokumbo ta yi gunaguni, ta gaji da wuri.
Don kada a ce na yi son kai
na ɗora haɓa a kan tawa.
Amon ya bi muƙamuƙi, ya ratsa haƙora,
ya zauna a tsakar kaina ya ƙi tashi,
irin rawar da gada ke yi a tafin ƙafa
bayan tirela ta daɗe da wucewa.
Sai da na ƙirga sha ɗaya kafin ya mutu.

Wata shida ina zagin ta a gaban mutane,
a biki, a otal, a ɗakin gwaji na Mushin,
alhali laifin na akwatin gida ne
mai yagaggiyar lasifika da na like da gam.

Ɗan kasuwa ya karanta fuskata.
"To, ɗari da ashirin."
Albarka.
"Da talatin."
Na ja zif ɗin jaka.

Ƙaramar amfilifaya na ɗauka, ita ma tokumbo,
gefenta a ƙone kamar an ajiye dutsen guga.
Na ba da rabi, ya rubuta saura a littafi
ƙarƙashin sunan wani fasto da mai ganga biyu.

A hanyar komawa kujera uku na biya.
Ruwa ya tsuge a Iyana Iba,
na cire rigata na rufe akwatin.
Yau Iya Risi za ta buga bango,
ni kuma zan rage sautin kaɗan,
kaɗan dai.